Aiken Kaka a Makabartar Sojojin Kanada

Tun da na dawo, Lami da Zainabu sun hana ni sakat. A aji tambaya, a bakin famfo tambaya, har a sahun sallah sai Lami ta zungure ni ta ce, "Wai ya Faransa?" Ni kuwa abin da ke fita daga bakina bai wuce "lafiya lau" ba. Zainabu ta ce asarar kujerar jirgi aka yi, da buhun gero aka ɗora a kai da ya fi ni ba da labari. Gaskiyarta. Shi ya sa na zauna na rubuta, tunda hannuna ya fi bakina kuzari. Wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita, kada a sake tare ni a hanya.

Kun san mafarin abin. Malama Rakiya, mai koya mana tarihi, ta kawo sanarwar gasar rubutu daga wata ƙungiya: ɗalibi ya rubuta yadda yaƙin duniya ya taɓa gidansu. Waɗanda suka ci za a haɗa su da ɗaliban Kanada, a kai su Faransa da Beljiyam su ga inda sojojin Kanada suka yi yaƙi da inda aka binne su. Ni na rubuta labarin mahaifin Kaka, wato kakata ta wajen uba. Masunci ne, aka ɗebe su soja lokacin yaƙin Hitila, Kaka tana goye. Bai dawo ba, ba a kuma aiko da labarinsa ba. Abin da aka sani ke nan, ni kuma na shimfiɗa shi har shafi huɗu.

Da sakamako ya fito, Baba ya ce ba inda za ni. Tun da aka sace 'yan makarantar Birnin Yauri, ko Yelwa ba ya son in je ni kaɗai, balle ƙasar da bai san ko ta ina take ba. Ya koma gyaran injin kwalekwalensa, magana ta ƙare. Sai Kaka ta ji. Ta aika aka kira ni ɗakinta.

"Bebiya," haka take kirana saboda rashin maganata, "an ce inda anka yi yaƙin Turawa za a kai ki?"

"E, Kaka."

"To za ki. Ki dubo min Baba. Ki gano inda sunka aje shi, ki yi mai Fatiha, ki dawo ki gaya min. Shi kau wancan mai baƙin mai a hannu, bar ni da shi."

Kafin magariba Baba ya sa hannu a takarda.

Washegari na gaya wa Malama, ina murna. Ta buɗe taswira a kan tebur. Ta ɗora babban yatsa a kan Faransa, ta miƙa ƙaramin yatsa gabas iyakar miƙewarsa, bai kai inda take so ba, sai da ta ƙara da ɗaya hannun. "Nan ne ƙasar Bama," in ji ta. "Nan aka kai yawancin sojojinmu a wancan yaƙi. Inda za mu, babu shi. Ki gaya wa tsohuwa tun yanzu."

Na ce to. Sau uku ina zuwa ɗakin Kaka da niyyar faɗa. Na farko na tarar tana ba matan unguwa labarin jikarta za ta gano mata Baba. Na biyu ta ciro tsohon bargonta daga ƙasan akwati ta ba ni saboda sanyi. Na uku na tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Mi ne ne?" na ce, "Ko in kawo miki ruwa?" Zan so in ce kunya ce kaɗai ta hana ni. Amma tunda alƙalami na riƙe ba baki ba, bari in faɗa: na san in na gaya mata, tafiyar ta rushe. Ina son in hau jirgi.

Maganar fasfo da biza ba zan ɓata muku takarda ba. Abin da kawai zan ce, Baturiyar da ta yi min tambayoyi ta bayan gilashi sau uku tana duba na'urar maganarta, ta zaci ita ce ta lalace.

Mun bar garinmu Wara da sassafe, Baba ya raka mu har tashar Yauri. Inna ta cusa min ƙuli-ƙuli da yaji da bandar kifi a jaka, ta naɗe kifin cikin leda uku da tsohon zane, wai don kada ya yi wari. A mota aka matse ni tsakanin Malama da wata mata mai kwandon zabi. Shingen jami'ai kuwa na fara ƙirgawa, na kai tara, barci ya kwashe ni. Bayan mun wuce Kontagora taya ta fashe a inda babu gida ko ɗaya. Kowa tsoron 'yan bindiga yake. Maza suka taya direba da sauri irin wanda ban taɓa gani ba, mata muka zuba wa daji ido, zabin nan kuwa suka ga lokacin ne ya dace su yi ta kuka. Mai su tana dukan kwandon tana cewa, "Ku yi shiru don ubanku, so kuke a ji mu?" Da muka tashi, sai da muka yi nisa sannan wani ya fara dariya, kowa ya kama.

A jirgi, wata ma'aikaciya ta ɗaure min bel. Ban ga yadda ta yi ba, ban kuma iya tambayar yadda ake kwancewa ba, Malama ta yi barci. Haka na zauna da fitsari tun daga sararin Abuja har muka ƙetare teku. Sai da wani yaro Bature da bai fi shekara huɗu ba ya ɗaga ƙarfen nasa ya tashi, na kwaikwaye shi.

Mun sauka Paris da safe. Mai duba fasfo ya tambayi abin da ya kawo mu, Malama ta ce ziyarar makabarta. Ya dube ta, ya dube ni, ya buga hatimi. Ina cewa an gama, sai ga wani kare da rigar aiki ya nufo ni kai tsaye, ya zauna gaban jakata kamar an kira shi cin abinci. Na ɗaga hannu biyu sama, ba wanda ya ce in ɗaga. Jami'ar da ke riƙe da shi ta sa safar hannu, ta kwance zane, ta kwance leda ta farko, ta biyu, a ta uku ta ja da baya. Ta ɗago ƙaton kifin da Inna ta zaɓa da kanta a bakin ruwa, ta riƙe shi ta wutsiya, ta jefa cikin wata jar shara. Ƙuli-ƙulin ta juya shi, ta ƙwanƙwasa a tebur, ta ce dutse ne? Malama ta gutsira ta ci a gabanta, sannan aka bar mana.

Masaukinmu a wani gari ne da ake kira Aras. Ɗaki ɗaya mu huɗu, gado a kan gado. Wadda ke samana sunanta Emili, 'yar Kanada, doguwa, mai ɗigo-ɗigo a fuska kamar an yayyafa mata garin kuka. Tana ganina ta rungume ni, na tsaya ƙiƙam kamar turmi. Cikin rabin awa na san sunan karenta da ciwon ƙafar kakanta. Ita kuwa ta san sunana ne kawai saboda katin da aka rataya wa kowa a wuya.

Banɗakinsu tas, amma ba buta. Gorar ruwan da aka ba mu a jirgi ita ta zama butata har na dawo, ina ɓoye ta cikin hijabi in za ni. Emili ta yaba min, ta ce ba ta taɓa ganin mai son shan ruwa kamata ba. Rana kuma ba ta da niyyar faɗuwa, sai mu ci abincin dare mu dawo ɗaki, magariba ba ta yi ba. Abinci, burodinsu dogo ne kamar taɓarya, bayansa na yanka dasashi. Akwai wani cuku da aka kawo, wallahi da karen filin jirgi ya san aikinsa shi zai kama, ba kifin Inna ba. Nama ban taɓa ba don ban san na mene ne ba. Na rayu a kan dafaffen ƙwai da soyayyen dankali da yajin Inna. Safiyar farko na ga tsohuwar da ke dafa mana abinci, ta yi sa'ar Kaka, na durƙusa na gaishe ta. Sai ita ma ta durƙusa, tana dube-dube a ƙasa, ta zaci wani abu na yar. Muka yi ta nema tare. Daga ƙarshe na tsinci wani ɗan maɓalli da ba nawa ba, na nuna mata, ta yi murna.

Rana ta biyu aka kai mu Vimi, wani tudu da sojojin Kanada suka ƙwace a yaƙin duniya na farko. Ƙasar wurin duk ta yi tudu da kwari kamar gonar doya da aka bari, ciyawa ta rufe. Mai yi mana bayani, wata ɗaliba 'yar ƙasarsu, ta ce ramukan bama-bamai ne, kuma har yau akwai waɗanda ba su fashe ba a ƙasa, shi ya sa aka kewaye da waya, tumaki kaɗai ke shiga su ci ciyawar. Kowa na ɗaukar hoton ramuka, ni tumakin nake kallo. Gajeru, masu gashi kamar katifa ta fashe, ba makiyayi, ba ko yaro da sanda. Na tuna Jauro da ke kawo mana nono, da ya ga wannan ciyawa sai ya yi kuka. Aka shiga da mu ramukan da sojoji suka zauna. Tsakanin ramin Kanada da na Jamus bai fi daga ƙofar gidanmu zuwa masallacin unguwa ba. In wani ya yi tari, abokin gaba zai ji.

A ƙwanƙolin tudun akwai ginshiƙai biyu farare, dogaye, da mutum-mutumin wata mata ta lulluɓe ta sunkuyar da kai kamar mai takaba. Jikin bangon duk sunaye ne, dubbai, na waɗanda ba a ga gawarsu ba. Emili ta zo da takarda daga gida. Ta bi bango da yatsa har ta tsaya a kan sunan ƙanen kakan kakanta. Ta ɗora farar takarda, ta goga fensir, sunan ya fito. Sannan ta kira sunan da ƙarfi, gatsal, ba ko sakayawa, ta fashe da kuka a gaban maza. Mutumin da ko kakanta bai taɓa gani ba. Na rasa abin yi, na miƙa mata ƙuli-ƙuli.

Ni ma fa bin bangon nake. Na san babu shi. Malama ta nuna min da yatsu, kuma wannan ma ba yaƙinsa ba ne, ya riga nasa da shekaru. Duk da haka idona na neman kalmar Yauri, don na ji an ce Turawa kan rubuta sojanmu da sunan garinsa. Na karanta har wuyana ya ƙage.

Daga nan sai makabartu, ɗaya bayan ɗaya, wasu a tsakiyar gonaki. Kun san a wajenmu mace ba ta zuwa makabarta, ni ko leƙawa ban taɓa yi ba. A ta farko na toge a bakin ƙofa sai da Malama ta ce, "Shigo, karatu muka zo." Ciyawar ta fi kafet ɗin ofishin shugabar makaranta kyau, don haka na tuɓe takalmi. Raɓa ta jiƙa safata, na wuni ƙafa kamar ƙanƙara. Duwatsun farare, tsayi ɗaya, a jere kamar sahu, kowanne da hoton ganye da suna da shekaru. Da yawa ba su girmi yayan Lami ba. Wasu ba suna, an rubuta Allah kaɗai ya san shi. Ga furanni, ga wani dattijo yana bin gefen kowane dutse da almakashi. A gida kabari tulin ƙasa ne da fasasshen tulu, damina uku ya baje.

Da yamma aka biya da mu wata babbar makabartar sojojin Faransa a kan wani tudu kusa. A gefe guda na hango duwatsu masu kai kamar ƙofar masallaci, sun ɗan karkace daga sauran. Na matsa. Rubutun Larabci ne a sama. Musulmi ne daga ƙasashen Afirka da Faransa ta mulka, an fuskantar da su alƙibla. Na yi musu sallama, na yi Fatiha. Ina shafawa wani tunani ya zo min, kuma ba na kirki ba. Kaka ba ta karanta boko. In ta ga dutse fari da Larabci, da fure a gindinsa, ai shi ke nan. Na ciro tsohuwar wayar da Malama ta ara min, na zaɓi dutsen da ya fi kyau, na ɗauka ta yadda rana ta haske sunan.

"Hafsatu, me za ki yi da wannan?" Ashe Malama na bayana.

"Tarihi, Malama."

Ta dube ni har na ji kunnuwana sun yi zafi, ta wuce.

Ranar da za mu Beljiyam na riƙe fasfo a hannu tun daga masauki, na gyara hijabi, ina ta maimaita amsoshi a zuci. Muka yi ta tafiya, ba shinge, ba ganga, ba katako mai ƙusa. Can na daure na tambayi Emili yaushe za mu kai iyaka. Ta ce ai mun wuce tun kafin ta gama cin tuffarta. Ƙasa guda muka shiga ba wanda ya ce direba ya buɗe but.

A garin Ipir akwai wata ƙatuwar ƙofa da mota ke bi ta ciki, ita ma duk sunaye. Kullum da yamma sai a tsayar da motoci, 'yan kwana-kwanan garin su zo su busa begila, jama'a su yi shiru don tunawa. Wannan shirun shi ne abu ɗaya da na fi kowa iyawa a tafiyar nan. Yaran Kanada sai mutsu-mutsu suke, ni kuwa kamar ina gida. Sai dai cikina, da ya gaji da ƙwai, ya zaɓi daidai lokacin ya yi wani dogon ƙugi. Wani tsoho mai lambobi a ƙirji ya waiwayo, ni ma na waiwaya na dubi na bayana.

Zangon ƙarshe bakin teku ne, a Nomandi, tafiyar rabin wuni a bas. Nan sojojin Kanada suka sauka daga jiragen ruwa a yaƙi na biyu, ana harbinsu tun suna cikin ruwa. Na ɗauka na san ruwa tunda a bakin tafki aka haife ni, amma wannan ba ya kwanciya, kuma na ɗanɗana a ɓoye, gishiri ne zalla. Malama ta ce, "To, wannan shi ne yaƙin kakanku, wurin ne dai ba nan ba." Na zauna a kan yashi na lulluɓa da bargon Kaka. Gobe za mu koma, abin da ke hannuna hoton kabarin wani ne.

Emili ta zauna kusa da ni. Ta ce ta lura duk inda aka je sai na karanta kowane dutse, wa nake nema? Ban san abin da ya buɗe bakina ba, ko sanyi ne. Da Turancina na aji na gaya mata komai, har hoton. Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan ba. Ta ce ai masu kula da kaburburan nan sun zuba sunayen duka sojojin da suka mutu a ƙarƙashin Ingila a intanet, har na Bama. Ta ciro waya. "Ya sunansa?"

Na rubuta shafi huɗu a kan mutumin nan, na ci gasa da shi, na ƙetare teku ina nemansa a bango, ban san sunansa ba. A takardata "mahaifin kakata" na yi ta rubutawa. A gida kuwa Baban Kaka ne, shi ke nan.

Malama ta kira Inna a wayarta. Ina jin ƙarar tafasar mai, tana suyar kifi.

"Hafsatu? Lahiya? Kina cin abinci? Kifin ya isa?"

"Ya isa, Inna. Inna, ya sunan baban Kaka?"

"Ke! A bakina kike son ji? Ga ta nan, tambaye ta da kanki."

Aka yi ta ƙoƙarin miƙa waya. "Bebiya! Kin gano shi?"

"Sunansa nake so, Kaka."

"Baba."

"Na yanka, Kaka."

"La ilaha illallahu. Ashe Turai hauka take sa wa? Ni in kama sunan Baba? Ɗan farina da ya ci sunan ma ban taɓa kamawa ba, sai yau don kin hau jirgi?"

Sai a lokacin kaina ya yi aiki. Babana ne ɗan farin Kaka. Duk Wara, har masu kwalekwale, Baba Ƙarami suke ce masa, ban taɓa tambayar kaina ƙaramin wa ba. Ni da nake taƙamar ina lura da komai, har da wutsiyar tumaki. Sunan da nake nema yana rataye a wuyana tun ranar da muka sauka, a bayan nawa. Ba zan rubuta shi a nan ba, kuna jin sa kullum in ana kiran rajista.

Emili ta ce in faɗa. Na ɗaga katin na nuna mata da yatsa. Ta karanta da ƙarfi, ta karya shi gida biyu, ta sake, ta sake, tana tambayata ko daidai ne. Ni dai ina waige-waige kamar Inna za ta ɓullo daga cikin teku. Na ce mata mu ba ma kiran sunan iyaye, girmamawa ce. Ta ce su kuma kiran ne girmamawa. Ta ce to in kare ya biyo babana, me zan ce ya gudu? Na ce ai shi ba ya shawagi da kifi a jaka.

Ta rubuta sunan da Yauri, ba abin da ya fito. Malama ta ce a gwada Sakkwato, don a zamanin can Yauri a lardin Sakkwato take. Sai ga mutum uku, suna ɗaya, gari ɗaya. Duka ukun ba su da kabari. Sunayensu na jikin wani bango a Bama, irin na Vimi. Na kwafe su a bayan littafina, da lambobinsu da duk abin da aka rubuta.

Dawowa ba abin faɗa, sai dai na kwance bel da kaina har sau biyar, ko ba na jin komai.

Mun iso Wara bayan la'asar, gida cike da 'yan sannu da zuwa. Kaka ba ta tambaye ni a gaban mutane ba, ido kawai take bina da shi. Da safe, bayan an karya, ta aiko. Na tarar da ita a kan tabarma, Baba na zaune a bakin ƙofa yana goge wani ƙarfe da tsumma, abin da ba ya yi a gida. Waya na hannuna na dama, littafi na hagu. Na riga na buɗe hoton tun a tsakar gida.

"To, Bebiya. Ina sunka aje shi?"

Na dubi dutsen nan fari. Mai shi ma wataƙila akwai tsohuwar da ta mutu tana jiran labarinsa. Na kife wayar a kan tabarma.

"Kaka, ba can aka kai su ba. Wata ƙasa ce daban, Bama, mai nisa. Na sani tun kafin in tafi. Na kasa gaya miki."

Baba ya daina gugar ƙarfe. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Wato yawo kika tahi," in ji Kaka.

"E."

"Da bargona."

"E, Kaka." Hawaye suka zubo min. "Amma an samo sunaye. Ba kabari, bango ne aka rubuta waɗanda ba a gani ba. Mutum uku ne masu sunan, ban san wanne ba ne."

Ta daɗe tana kallon littafin da ba za ta iya karantawa ba. "Karanto."

Na karanta yadda zan iya. "Mai sunan Baba, Sakkwato, shekara ashirin da biyu. Mai sunan Baba, Sakkwato, shekara talatin. Mai sunan Baba, Sakkwato." Na tsaya. "Shi wannan ba a rubuta shekarunsa ba."

"Shi ne," in ji Kaka.

"Kaka, ai ba a..."

"Shi ne. Waɗancan 'yan birni ne. Mutumin da ya tashi cikin jirgin kamun kihi, wa ya ƙirga mai shekaru? Bature ya tambaye shi, ya ce bai sani ba. Ba ya ƙarya, Innata ta gaya min."

Na san wannan ba hujja ba ce, Malama ba za ta ba ni ko maki ɗaya a kai ba. Na ɗago zan yi magana, sai muka haɗa ido da Baba. Ya ɗan girgiza kai. Kaka ta sa na ɗora yatsanta a kan layin na uku. Ta bar shi a wurin, bakinta na motsi, har ta gama ta shafa.

Ran Juma'a ta sa Inna ta yi tuyar masa ƙwarya biyu. Ta ce ba wanda zai raba sai ni, gida-gida, tunda na iya yawo. Na ɗauki tire na tsaya a bakin ƙofa.

"Kaka, in an tambaya sadakar wa, me zan ce?"

"Ki buɗe baki ki ce ta Baban Kaka ce, an gano shi."

Gida goma sha ɗaya na shiga. A kowanne na faɗa, da ƙarfi, ba wanda ya ce in maimaita.